Yadda muka canza rak ɗin sitiyarin Corolla a ƙofar gida

Duk mai jan tsohuwar mota a garin nan ya san akwai ranar da sitiyari zai fara ƙorafi, ko ya yi tauri, ko ya riƙa ƙwas-ƙwas in an faɗa rami, ko ka tashi da safe ka tarar da jan mai ya ɗiga a ƙasa. Tawa Corolla ce 2005 ƙirar Amurka mai injin 1.8, irin wadda sitiyarinta da mai yake aiki ba da lantarki ba, kuma ni da ƙanena muka sauke rak ɗinta muka ɗora wani a ƙofar gida, ba rami ba lif. Mutane sai tambayata suke wai da gaske ana iya yi a gida? Ana iyawa mana. Amma gaskiyar magana kwance noti da ɗaure noti ba shi ne aikin ba, wannan duk mai ƙarfin hannu zai yi, aikin yana wasu ƙananan wurare da ba wanda zai gani in ka tsallake su sai ranar da motar ta nuna maka a kan titi, kuma wanda ya san ba shi da haƙurin waɗannan wuraren wallahi gara ya kai wa makaniken da ya yarda da shi, don abin nan shi ke riƙe da tayoyin gaba kuma iyalinka ne a cikin motar.

Shi rak ɗin wani dogon ƙarfe ne kwance a bayan inji ta ƙasa, tsakanin tayoyin gaba biyu. A cikinsa akwai sanda mai haƙora, sai wani ɗan ƙaramin giya da ke ƙarshen sandar sitiyari yana cizon haƙoran, in ka murɗa sitiyari giyan ya juya sai sandar ta tafi hagu ko dama, ta tura tayarod na ciki, wato sandar ƙarfen da ke haɗa rak da taya, na ciki ya tura na waje, na waje ya juya taya. Laushin da kake ji kuma famfo ne da bel ke juyawa yake turo mai da ƙarfi cikin rak ɗin, ƙarfin yana haura PSI 1,000 a ma'aunin matsi in ka kai sitiyari ƙarshe, kuma abin da ke tare man nan kar ya fita wasu 'yan sil ne na roba. Sai robar nan baƙa mai lanƙwasa-lanƙwasa da ke rufe kowane gefe. Ita ake rainawa kuma ita ce ke kashe yawancin rak a ƙasar nan, in ta yage ƙurar hunturu ta shiga, damina ta zo ka ratsa ruwan da ya kwanta a layi shi ma ya shiga, sandar ta yi tsatsa, tsatsar ta riƙa gurzar sil kullum har ya yanke, shi kenan mai ya samu hanya.

Kafin ka kashe ko sisi ka tabbatar rak ɗin ne, nan ne kuɗin mutane da yawa yake tafiya a banza. Tiyon da ke kawo mai daga famfo yana sama da rak, in shi ne yake yoyo man a kan rak ɗin zai gangaro, wanda ya leƙa sau ɗaya zai rantse rak ne ya fashe. Mu sai da muka wanke wurin tas da kalanzir da tsumma muka bari ya bushe, aka tada mota ƙanena yana murɗa sitiyari ni ina ƙasa da tocila, tiyo a bushe, bakin famfo a bushe. Da na sassauta kilif ɗin robar gefen direba na ɗan ja ta baya sai ga mai ya zubo a hannuna, ja mai duhu yana warin ƙuna. Cikin robar nan bai kamata a ga mai ba sai ɗan giris, in ka ga ta kumbura ko ka matsa ta ka ji ruwa-ruwa a ciki to sil ɗin ciki ya tafi, ba sauran gardama. Ƙara kuma daban take. In ka ɗaga mota ka riƙe taya hagu da dama ka girgiza ka ji tana wasa, sa wani ya ci gaba da girgizawa kai ka kama tayarod da hannu ta kan robar, sau da yawa tayarod na ciki ne kawai ya mutu kuma ana sayar da shi daban ba sai an sauke rak ba. In kukan wuuu ne yana ƙaruwa da murɗawa, duba ɗan tankin man sitiyari tukuna, ko mai ya yi ƙasa ko iska ta shiga ko famfo ne ya gaji. Ni nawa abu biyu ya haɗa, ga yoyo ta ciki ga tauri da sanyin safiya sai mota ta ɗumama yake saki, shi ya sa ban tsaya batun canza sil ba.

Zaɓi uku ne, sabo a kwali, na Beljiyam, ko a buɗe naka a sa masa sabbin sil. Buɗewar tana yi in sandar ba ta ci tsatsa ba kuma ka samu mai hannu, in ta ci to sabon sil ma ba zai daɗe ba. Sabo na asali kuɗinsa da dala yake tafiya, sabo mai araha kuma da ido ba ka gane wanda zai yi shekaru da wanda zai fara gumi kafin damina ta fita. Na Beljiyam na ɗauka a kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano, kuma da hoton nawa a waya na je, hoton bakin tiyo da wurin ɗaure bol da lambar jikin motar. Wannan ya zama dole don Corolla ba iri ɗaya ba ce, ƙirar Turai ta waɗancan shekarun da yawansu sitiyarin lantarki gare su, ita ma ta Amurka daga 2009 lantarki ta koma, rak ɗinsu ba shi da bakin tiyo kwata-kwata. Ga kuma na motocin hannun dama da ke fitowa daga Japan da Ingila, mu tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama na titi, motocinmu sitiyarinsu a hagu yake, rak ɗin waccan giyansa yana ɗaya gefen ba zai taɓa zama a taka ba. Mai shagon da na samu dattijo ne, ya fito da guda uku ya jera a ƙasa ya ce "Alhaji duba da kanka, kar ka duba fenti." Na tsuguna na zare robar kowanne na tura sandar ƙarshe zuwa ƙarshe, ɗaya akwai ɗigo-ɗigon tsatsa da farce yake kamawa, na ajiye shi, wanda na ɗauka sandarsa tana sheƙi sumul, giyan yana juyawa ba inda yake cijewa ba inda yake sakin jiki, zaren bakin tiyo lafiya lau. Muka yi magana a kan in ya yi yoyo zan dawo da shi, ya rubuta min a rasit. Na haɗa da sabbin robobi biyu da kilif ɗinsu, tayarod na waje guda biyu sabbi, sabbin fin na noti, da man ATF, wato jan man giyar otomatik da ake zuba wa sitiyarin, na rufaffen galan ba na awo ba.

Yanzu maganar da ta fi komai a wurina. Jak ɗin da ke but ɗin mota don canza taya aka yi shi, ba don mutum ya shiga ƙarƙashi ba. Bulo kuma kar ka kuskura, na san ana yi a gefen titi kullum, amma bulo ba ya gargaɗi, tsaye yake sai kawai ya wargaje, kuma aikin rak aiki ne na jijjiga, za ka ja sifana da duk ƙarfinka kana kwance kanka a ƙarƙashin inji. Mun ari ƙafafun ƙarfe na tokare mota guda biyu da babban jak mai taya, muka tsaya a kan siminti mai shafe ba ƙasa ba, aka ja birkin hannu, aka danne tayoyin baya da katako gaba da baya, tayoyin gaba da muka cire muka tura su ƙarƙashin jikin motar ta gefe don ko da wani abu ya zame ya samu abin sauka a kai. Kafin kowa ya shiga sai da muka girgiza motar da ƙarfi mu biyu. Yara kuma aka ce su koma cikin gida, don yaro in ya ga sitiyari sai ya murɗa.

Murɗawar nan kuwa ita ce abu na biyu. A bayan sitiyari akwai wata siririyar waya mai faɗi nannaɗe cikin gwangwanin roba kamar tef ɗin tela, ita ke kai wuta ga hon da iyabag, wato jakar iskar da ke buɗewa ta kare direba in an yi hatsari, kuma iyakarta kamar zagaye biyar ne, biyu da rabi kowane gefe. Muddin rak yana haɗe shi ke tsayar da sitiyari kafin wayar ta ƙure, da zarar ka raba sandar sitiyari da rak ba abin da zai tsayar da shi, wani ya jingina ya juya shi sau biyu uku wayar ta tsinke ko ta rasa tsakiyarta ta tsinke daga baya, sai ka ga wutar iyabag ta kama hon ya mutu, ranar hatsari kuma iyabag ɗin ba zai buɗe ba. Don haka tun mota tana ƙasa muka miƙar da tayoyi sak, na zaro bel ɗin kujerar direba na zagaya shi ta cikin sitiyari na maƙale na ja kujera baya har ya yi tam. Na cire kan batir na negatif, Toyota sun ce a jira daƙiƙa 90 kafin a taɓa wani abu kusa da iyabag, muka jira har fiye.

Daga nan abin ya zama na hannu. Na zuƙe man tankin sitiyari da sirinji babba. Ta cikin mota wajen ƙafar direba akwai join ɗin da ya haɗa sandar sitiyari da giyan rak, bol ɗaya ne ya matse shi, na yi alama da farin fenti kafin na kwance, kuma bol ɗin sai an zare shi gaba ɗaya join ɗin yake fita, sassautawa kawai ba ta isa, mutane na ta duka a banza a nan. A tayarod na waje ka fara sassauta notin da ke kulle shi tun yana ɗaure, sannan ka zare fin ka kwance notin da fin ɗin ya riƙe. In ba ka da fula, wato ƙarfen da ake matse tayarod da shi ya fita, to gefen ƙarfen da ya riƙe shi za ka buga da guduma, bugu mai kyau biyu uku zai faɗo da kansa, ba kan zaren ba, in ka bugi zaren ya baje noti ba zai ƙara shiga ba. Bakin tiyo guda biyu, mai kawowa da mai mayarwa, a tawa lamba 17 ne, kuma akwai sifana ta musamman mai tsaga da ke rungume notin kusan duka, ita ya kamata a nema, sifana mai buɗaɗɗen baki tana cinye kusurwar notin ne ta bar ka da ƙarfe mulmulalle a wurin da hannu da ƙyar yake shiga. Na fesa musu man sassauta tsatsa tun da daddare. Da suka fita na ɗaure bakinsu da leda mai tsabta.

Inda ya ci mana lokaci shi ne fito da rak ɗin kansa. A motar nan a kan kurosmemba yake zaune, wato faffaɗan ƙarfen da ke ɗauke da ƙafafun gaba, ga sandar sitabilaiza ta gitta ga injin sit na baya a kusa, ko ka kwance bol ɗinsa ba inda zai bi. Sai da muka tokare inji da ƙaramin jak da faffaɗan katako, muka saki injin sit ɗin baya, na zagaye inda kurosmemba take zaune da fenti don ta koma gurbinta, muka sa babban jak a ƙarƙashinta muka sassauta bol ɗinta tana sauka a hankali a hankali. Ƙanena yana ta gefen direba yana ja ni ina ƙasa ina juya kan giyan yana kaucewa jikin mota, can ya ce "Yaya tsaya, ɗan karkato shi sama," na karkata sai ga shi ya zamo ta ramin taya yana tsiyayar da sauran baƙin man da ke ciki a kan kwali. Kar ka yi da ƙarfi a nan, akwai siraran bututun ƙarfe a jikin rak ɗin, na tsohon ba komai amma hanyar da tsohon ya fito ita sabon zai bi ya shiga, ka lura da yadda ka juya shi.

Muka jera su biyu a ƙasa gefe da gefe, tsawo ɗaya, wurin bol ɗaya, bakin tiyo ɗaya. Sai neman tsakiya, kuma shi ma tun a ƙasa ake yi. Na naɗe kan giyan da tsumma na kama da filaya a hankali na juya har ƙarshen hagu, na yi alama, na juya zuwa ƙarshen dama ina ƙirgawa, uku da ɗan wani abu ya ba ni, na dawo rabi daidai, sannan na auna yadda sandar ta leƙo kowane gefe da tef na ga sun zo ɗaya. In ka ɗora rak ba a tsakiya ba motar za ta riƙa shan kwana sosai ta gefe ɗaya ta kasa ta ɗaya gefen, kuma wayar nan ta bayan sitiyari tana iya ƙurewa kafin rak ya ƙure. Sabbin robobi na sa da kilif ɗinsu na ƙarfe, ba waya ba ba igiyar roba ba, na shafa giris a haƙoran da join ɗin ciki. Tayarod na waje kuma na auna tsawon tsoho daga tsakiyar ƙwallon zuwa jikin rak na mayar da sabon daidai haka, wasu ƙirga zagaye suke yi, yana yi in tayarod ɗin iri ɗaya ne, in kamfani ya bambanta tef ya fi gaskiya.

Wajen mayarwa abin da zan ja kunne a kai bakin tiyo ne. Jikin rak ɗin a wurin alminiyam ne, notin kuma ƙarfe, in ya shiga a karkace ka bi shi da sifana zaren ya tafi kuma rak ɗin da ka saya yanzu ya zama na zubarwa. Da yatsu ake fara shi, ya yi zagaye uku huɗu cikin sauƙi kafin sifana ta taɓa shi, kuma ya fi sauƙi tun bol ɗin rak ba su ɗaure tam ba yana ɗan motsi. Kar a naɗa masa farin tef na masu gyaran famfo, ba zaren ne ke tare mai ba bakin bututun ne, guntun tef ɗin kuma in ya shiga ciki bawul zai toshe. Notin tayarod a sa masa sabon fin a lanƙwasa ƙafafunsa, ƙusa ba fin ba ce ko da ta shiga ramin. Kurosmemba ta koma kan alamar fenti. Na ari sifana mai awon ƙarfi don manyan bol ɗin, kowanne da adadinsa a littafin gyaran motar, na taya dai Nm 103 ne, kuma duk wanda na gama ɗaurewa sai in ɗiga masa fenti, da muka gama na sa ƙanena ya shiga da tocila ya nemo min wanda ba fenti.

Mai kuma, a murfin tankin Corolla an rubuta ATF Dexron, shi za ka zuba. Masu Honda ku naku daban ne, nasu na musamman suke so, kar a ce ai duk man sitiyari ne. Man birki kuwa ko kusa, kumbura sil yake ya lalata su. Tankin na cire shi na wanke, akwai 'yar raga a gindinsa da baƙin datti ya toshe rabinta, wannan dattin in ka bar shi cikin sabon rak zai ƙare. Tiyon da ke mayar da mai tanki na sa shi a gora na toshe bakin tankin, muna zuba sabo ƙanena yana murɗa sitiyari inji a kashe, har abin da ke fita ya koma ja garau, sannan na mayar da tiyon. Fitar da iska ma haka, tayoyi a sama inji a kashe, a murɗa ƙarshe zuwa ƙarshe a hankali sau da yawa ana ciko, za ka ga ƙwayoyin iska suna tasowa a tanki, sai sun daina sannan a tada inji. In ka yi gaggawar tadawa famfo zai kaɗa iskar da man ya zama kumfa ruwan hoda ya yi ta kuka, sai ka kashe ka jira ta kwanta. Kuma kar a danne sitiyari a ƙarshe fiye da 'yan daƙiƙu inji yana aiki. Tsohon man muka tara a galan muka kai wa masu canjin mai, ba a kwata ba.

Gwajin farko a layinmu na yi, a hankali, hagu dama, birki, na dawo na leƙa ƙasa ba ɗigo, hon yana yi wutar iyabag ta kama ta mutu yadda ta saba. Daga nan kai tsaye wajen alaimen, ba kasuwa ba ba ɗauko yara ba. Duk iya awonka da tef kusa kawai ka kai, bambancin da ido ba ya gani ya isa ya cinye gefen sabuwar taya cikin ɗan lokaci kuma motar ta riƙa ja gefe in ka taka birki a kan kwalta mai ruwa. Sitiyarin nawa ya ɗan karkata dama kaɗan, na ce wa mai alaimen "Oga don Allah a tayarod za a gyara, kar a zare sitiyari," don wasu cire shi suke su mayar a miƙe, ido ya ga daidai amma rak ya bar tsakiyarsa. Ya kulle sitiyarin a miƙe ya rage gefe ɗaya ya ƙara ɗaya har na'ura ta nuna kore, ya riƙe robar da hannu lokacin da yake juya tayarod don kar ta murɗe, wannan ya sa na san ya san aikinsa. Bayan an ɗan yi yawo da ita na sake ɗaga ta na bi bol ɗin nan masu fenti ɗaya bayan ɗaya da sifana, na duba man tanki ya ɗan sauka kaɗan saboda sauran iskar da ta fita na cika shi zuwa layi, robobin biyu na matsa su a bushe suke. Tsohon rak ɗin da na buɗe robarsa sosai tsatsa ta ci sandar ta gefen direba wajen faɗin yatsa uku, daidai inda robar ta yage ta ƙasa inda ba a gani sai an kwanta, don haka yanzu duk canjin baƙin mai sai na sa an murɗa sitiyari ƙarshe na bi lanƙwasar robar nan da yatsa gefe biyun.